Kafin a Ɗura wa Yaro Manja

Daga ƙarshen damina zuwa shigowar sanyi, lokacin da manya suka duƙufa kan girbi a gonakin tudu da gyaran fangali a garkunan Jiratawa, shi ne lokacin da shingen bini-da-zugu yake cika da 'ya'ya. Ƙwallon yakan fara kore, ya koma ruwan ɗorawa, daga baya ya yi baƙi ya tsage, 'ya'ya uku su zubo ƙasa. Ɓawonsu baƙi ne, cikinsu fari tas, ga maiƙo, ga gardi kamar gyaɗa. Ana dasa itacen a shinge ne don akuya da tunkiya ba sa kusantarsa. Yaro ɗan shekara uku kuwa ba ruwansa, in ya fasa ɗaya ya ji daɗi sai ya nemi na biyu, ya kuma kira ƙannensa.

Jiratawa gari ne na masu garka. Tun farkon shekarun 1980 da aka buɗe filin noman rani na sama da hekta 500 a kwarin Gulbin Maraɗi, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, zogalen garin ya yi suna har Yamai. Aikin zogale kuma ba ya ƙarewa: a yanka, a tsige, a dafa, a shanya, a kai kasuwa. Uba yana garka, uwa tana tsiga, renon ƙananan yara ya faɗa hannun yarinya 'yar shekara bakwai wadda ita ma wasa ne a gabanta. Yaran nan sun taso suna tsintar magarya da kurna da aduwa da kanya, suna gwigwiyar goriba, ba wanda ya taɓa ce musu kul. Darasin da suka ɗauka shi ne duk abin da ya faɗo daga itace abin ci ne. Su ba su da laifi a nan.

Asalin bini-da-zugu daga tsakiyar nahiyar Amurka ne, Turawan Fotugal suka yaɗa shi zuwa Afirka, ya samu wurin zama har ya zama ɗan gida: ana ɗiga ruwansa a sabon yanka don tsai da jini, ana sabulu da mansa, yara na hura kumfa da ruwan jikinsa. A shekarun 2000 ma an yi ta kwaɗaita wa manoman Afirka ta Yamma, musamman a Mali, su shuka shi don a tace man inji. Akwai kuma ɗan'uwansa mai jajayen ganye da ke fitowa da kansa a kangaye da gefen hanya. Illarsa ga yara tsohon labari ne a wajen likitoci. Tun a 1986 wasu masana na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka wallafa rahoto kan yara biyu, ɗaya mai shekara 3, ɗaya mai shekara 5, da suka ci 'ya'yan itacen suka kama amai ba ƙaƙƙautawa har ruwan jikinsu ya ƙone. Masanan suka gwada 'ya'yan a kan ɓeraye, suka tabbatar guba ce. Alamun kan bayyana da wuri, daga rabin awa zuwa awa biyu: ƙunar maƙoshi, murɗar ciki, amai, sannan zawo. Yawancin yaran da aka ƙara wa ruwa a kan lokaci suna warwarewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Haɗarin yana ga ƙaramin yaro, da wanda dama tamowa ta rage masa ƙarfi, domin irinsu ba su da ruwan da za su yi asara.

Wato da itacen kaɗai ne matsalar, da abin ya zo da sauƙi. Ɓarnar da ta fi yawa a tsakar gida ake yin ta, cikin awa ɗaya bayan an gano yaro ya ci wani abu, kuma masu yin ta su ne masu ƙaunarsa.

Abu na farko duka ne. Uwa ta hango yaro yana yunƙurin amai, ta ga ɓawo a hannunsa, hankalinta ya tashi, sai ta finciko shi: "Wa ya aike ka? Me ka ci? Ka faɗa mini ko jikinka ya gaya maka!" Daga nan zance ya ƙare. Yaron da aka ɗaga wa hannu ba zai ce komai ba sai "ban ci ba". Yayarsa da aka bar wa reno ta san dukanta ya fi nasa, sai ta rantse ba ta ga komai ba. Sauran yaran da suka ci tare su watse zuwa gidajensu, kowa ya yi gum, sai dare ya yi a ji amai ya tashi a gida uku, kowace uwa tana zaton nata ne kaɗai. A yankin da ya ga ɓarkewar cutar amai da gudawa a 2018, wadda ta faro daga gundumar Madarunfa, irin wannan ruɗani ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ɗaya tak ya san abin da aka ci, da yawansa, da inda itacen yake, an kuma rufe masa baki da mari. Da uwar ta danne zuciyarta ta tsuguna ta ce, "Zo nan ɗan albarka, ba mai taɓa ka, nuna mini inda kuka tsinto," da ya kai ta har gindin itacen, ya kuma lissafa mata abokan cin nasa.

Sai a shiga ɗure. Kaka ta ce, "Ke, bar surutu, ɗauko manja." Maƙwabciya ta leƙo ta kan darni: "A'a Inna, madara ake ba su, ita ke kashe dafi." Wata ta kawo shawarar ruwan gishiri, wata tsamiya, wata ɗanyen ƙwai. A kwantar da yaro a cinya, a matse masa hanci, a buɗe bakin da ƙarfi yana kuka yana shure-shure, a tuttula. Wannan al'ada ta zama jiki har ba a ganin ta a matsayin haɗari, alhali kuwa tana iya kashe yaron da itacen da kansa ba zai kashe ba.

Dalilin a fili yake. A cikin maƙoshi hanya biyu ce, ta ciki da ta huhu. Yaron da ke kuka an toshe masa hanci dole ya ja numfashi ta baki, duk abin da ke bakin kuma sai ya bi iskar. Ruwa in ya kuskure hanya, tari yakan fito da shi. Mai kuwa sulɓewa yake yi ya kwanta a cikin huhu, bayan kwana biyu ko uku yaro ya kama zazzaɓi da haki, a dawo asibiti da ciwon huhu, ba wanda zai tuna da manjan da aka ɗura. Sannan manja ba ya kashe kowace irin guba. Gubar bini-da-zugu ma a cikin mansa take, aikinta kuma gudar da ciki, to mene ne hikimar ƙara wa irin wannan ciki wani man? Madara abinci ce kawai, ba ta da wata baiwa ta karya dafi, sai dai ta cika cikin yaro ta ba iyaye kwanciyar hankalin ƙarya, su ce ai an ba shi magani, bari a gani.

Ruwan gishiri ya fi su duka muni. Gishirin da bai cika tafin hannun babba ba yana iya hallaka ƙaramin yaro, domin yana zuƙe ruwan ƙwaƙwalwa ya jawo jijjiga da suma. Kada a ɗauka ɗaya yake da ƙullin SRO da ake bayarwa a asibiti, wanda aka auna gishirinsa da sukarinsa daidai lita guda ta ruwa mai tsabta, ake kuma ba yaro kurɓi-kurɓi yana zaune da hankalinsa. Zura yatsa ko gashin kaza a maƙogwaro don a tilasta amai shi ma ɓarna ne. Abin da yake fitowa kaɗan ne, maƙoshi yana ƙujewa, aman kuma yana iya komawa huhu. A Amurka an shafe shekaru iyaye na ajiye wani maganin sa amai mai suna ipecac a gidajensu bisa shawarar likitoci, sai a 2003 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta janye shawarar, ta ce a daina, domin bincike bai nuna yana ceton kowa ba. In maganin da aka auna a kwalba bai yi amfani ba, ina ga yatsar da ta fito daga tsigar zogale? Masu daka gawayin murhu su jiƙa don sun ji ana ba da gawayi a asibiti, su ma su sani wancan gawayi ne da aka sarrafa musamman, ma'aikacin lafiya ne ke yanke shawarar bayar da shi, kuma ya fi amfani a cikin awar farko, wato awar da ake ɓatawa wajen neman manja.

Bayan ɗure sai shara. Uwa ta share ɓawon, ta rufe aman da ƙasa, wani lokaci maigida ya fusata ya sare itacen ya jefa a juji. A isa asibiti hannu rabbana, a tambaya me ya ci, a ce "wani haki ne". Maraɗi ba ta rasa wuraren kai yaro ba: akwai cibiyoyin lafiya na CSI a garuruwa, akwai asibitin gunduma a Madarunfa inda ƙungiyar likitocin MSF ta daɗe tana tallafa wa sashen yara, akwai manyan asibitoci a cikin birni. Amma likita ba boka ba ne. Ga misali ɗaya da ya isa ya sa kowa ya shiga taitayinsa. Yaron da ya ci tumatir ko ganyen da aka yi wa feshin maganin ƙwari na piya-piya, abin da ba baƙo ba ne a garin masu garka, allurar da ke cetonsa ita ce atirofin. Ita wannan atirofin ɗin tana cikin gubar da ke jikin tsiron zaƙami. Maganin wancan, ƙarin guba ne ga wannan. Ƙwararre yana iya bambancewa, don mai piya-piya gumi yake yi da dalalar miyau, ƙwayar idonsa ta tsuke, mai zaƙami kuma fatarsa a bushe, ƙwayar ido a buɗe. Duk da haka reshe ɗaya mai ganye da fure da 'ya'ya, a cikin leda, ya fi dogon bayani. In ba a iya tsinkowa ba, a ɗauki hotonsa da salula. In an ga ɓarɓashi a cikin aman, shi ma a ƙunso.

Zaƙami, wanda wasu ke kira babba-juji ko haukata-yaro, yana da tasa matsalar daban. Yana son juji da kango da bakin kududdufi, furensa fari dogo mai buɗewa da yamma, ƙwallonsa mai ƙaya cike da ƙananan 'ya'ya. Yaron da ya ci ba lalle ya yi amai ba. Jikinsa zai yi zafi rau babu gumi, bakinsa ya bushe, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. Sai ya fara kama abin da babu a iska, yana tsince-tsince a jikin tabarma, yana magana da waɗanda ba sa nan, ya kalli uwarsa bai gane ta ba. Daga Tibiri har Madarunfa, duk gidan da aka ga haka, kafin a ce wani abu an ce gamo ya yi. A rufe ɗaki, a turnuƙe shi da hayaƙi, a lulluɓe shi da zane, a ɗura rubutu. Yaron da jikinsa ya kasa fitar da gumi aka ƙara wa zafi, wanda maƙoshinsa ya bushe bai iya haɗiya aka ɗura wa ruwa. Ba wanda ya hana addu'a, ana iya yin ta a kan kabu-kabu ana tafiya. Akwai kuma wani tarko: lokacin da waɗannan tsirrai ke 'ya'ya shi ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani a jihar Maraɗi. Yaro na iya zuwa da zafin jiki da sambatu, a gwada jininsa a samu cutar, a kama maganinta, alhali akwai wani abu a ƙarƙashi da iyaye suka sani suka yi shiru don kunya. Ƙarfin zaƙami ba abin wasa ba ne. A watan Maris na 2019 a yankin Karamoja na ƙasar Yuganda, garin kunun tallafi da 'ya'yan zaƙami suka gurɓata ya kwantar da mutum kusan 300, biyar suka rasu.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda aka fi rainawa, rai-ɗore. Babu bayan gida ko filin makaranta da ba ya fitowa da damina, kafaɗa da kafaɗa da tafasa, har ƙaramin yaro ba ya bambance su. Ana cin ganyen tafasa a kwaɗo, manya na dafa ganyen rai-ɗore don zazzaɓi, saboda haka ba mai kallonsa da ido biyu. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya, a gundumomin Saharanpur da Bijnor da maƙwabtansu, an shafe shekaru duk bayan damina, daga Satumba zuwa Disamba, ƙananan yaran talakawa na kamuwa da wata cuta: amai, zazzaɓi, magagi, suma, mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Kusan uku cikin kowane huɗu da suka kamu ba sa tashi. An daɗe ana zaton ƙwayar cuta ce mai kama ƙwaƙwalwa, ana ta nemanta ba a samu ba. Sai a 2007 likitan yara Vipin Vashishtha da abokan aikinsa, ciki har da Farfesa Jacob John, suka nuna cewa ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore ne yaran ke ɓarewa suna ci a wajen wasa, gubar ta lalata hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Da aka shiga wayar da kan iyaye ana tuge tsiron, mace-macen suka ragu ƙwarai. Tsiron da ke Bijnor shi ne wanda ke bayan katangar gidaje a Jiratawa.

Darasin rai-ɗore shi ne jira ba dabara ba ce. "Ai ga shi can yana wasa, ba abin da ya same shi" magana ce da ta yaudari iyaye da yawa. Zurma, in yaro ya tauna 'ya'yanta, sai bayan awoyi alamun ke fitowa. Idon zakara, jan ƙwayar nan mai ɗigon baƙi da 'yan mata ke shiryawa a zare, yana iya ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku. Ƙariya, da itacen adon nan mai siririn ganye da fure ruwan ɗorawa da ake dasawa a sababbin gidaje da harabar ofisoshi a Maraɗi, zuciya suke taɓawa, yaro yana zaune bugunta ya rikice. Anza, wadda mutane da dama suka rayu da ita a yunwar 2005, manya sun san sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa, yaro kuwa ci kawai ya gani, bai ga jiƙon ba. Tumfafiya ta fi yin ɓarna a ido: yara na fasa ƙwallonta, farin ruwan ya fantsama. Maganin farko ruwa ne mai tsabta, a yi ta kwarara shi a idon na minti 15, ba nonon uwa ba, ba kwalli ba.

Abin da ake buƙata daga iyaye bai kai wahalar ɗure ba. A cire ragowar abin da ke bakin yaro in ana ganinsa, a kuskure masa baki, a wanke hannuwansa. A lallashe shi ya nuna itacen, a tsinko reshe. A ƙirga yaran da suka yi wasa tare, a aika gidajensu, a tafi da su duka ko da ba su fara komai ba. A riƙe lokacin a kai, ko da "bayan la'asar kaɗan" ne, don likita zai tambaya. In yaro yana cikin hayyacinsa yana amai da zawo, a ci gaba da ba shi nono ko SRO kaɗan-kaɗan a hanya. In ya fara lumshe ido ko ya suma, kada a sa masa komai a baki, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. In jijjiga ta kama shi, ban da cusa cokali tsakanin haƙora. A cikin birni ana iya kiran 'yan kwana-kwana ta lamba 18, amma in kabu-kabu yana kusa, a hau.

Sauran magana tana wajen maza. Sau da yawa uwa ta san abin da ya kamata, abin da ke tsai da ita shi ne "bari Malam ya dawo". Malam yana garka, ko kasuwar Maraɗi, ko ya ƙetara Jibiya, salularsa ba caji. Mene ne wahalar magidanci ya faɗa wa iyalinsa tun yau, a gaban mahaifiyarsa don kada a yi musu gobe, cewa duk ranar da yaro ya ci abin da ba a sani ba a wuce asibiti ba sai an jira shi ba, ya kuma ajiye kuɗin kabu-kabu a inda aka sani? Tun 2006 dokar Nijar ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kowa ya san wani lokaci sai an sayo magani a waje, amma kuɗin ledar ƙarin ruwa ɗaya da yamma bai kai na kwana biyar a gadon asibiti ba.

Shingen kansa ba sai an tumɓuke shi duka ba, mai garka yana da buƙatarsa. A tsinke ƙwallayen bini-da-zugu da na zurma tun suna kore, a binne su. Zaƙami da rai-ɗore kuwa a tuge su tun a watan Agusta kafin su yi 'ya'ya, a sa leda a hannu, a binne maimakon ƙonawa a tsakar gida, don hayaƙin zaƙami shi ma yana bugarwa. Makarantun Nijar suna komawa ne a watan Oktoba, bayan harabarsu ta sha ruwan damina wata uku ba mai shiga, daidai lokacin da kwanson rai-ɗore ya cika. Shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye, da malaman makarantun allo da almajiransu ke yawo a kangaye, suna iya ware yini guda kafin komawa su zagaya da hauya, su tafi da tsoho ɗaya ko tsohuwa da ta san haki, a nuna wa yara kowane tsiro da sunansa kafin a tuge shi.